Yadda Rabilu Ya Sayi Gida a Tasawa

In ana zancen masu cika baki a Attantane, da Rabilu ake farawa, da shi kuma ake rufewa. Wata tara kacal ya yi a Tamanrasat yana dakon siminti, ya dawo da baƙin tabarau, da akwati mai taya, da kalmomin Faransanci da ba su cika hannu ɗaya ba. Amma wallahi in ka ji shi a ƙofar masallaci sai ka rantse shi ya shimfiɗa hamadar da hannunsa. Ka gaishe shi ya ce maka "sa ba", ka yi masa jaje ya ce maka "dakor". Furar da aka yaye shi da ita ma sai da ya ce tana sa shi ciwon kai.

To, saura wata guda damina ta faɗi, kowa na kai taki gona, sai gogan naka ya miƙe a dandali ya ce shi da noma haihata-haihata. Gida zai saya a Tasawa, kusa da kwalta, kuma kafin ɗigon ruwan fari ya taɓa ƙasa yana kwance ƙarƙashin kwano yana jin kiɗan ruwa a kansa. Abin da ya samo a Tamanrasat kuwa tuni shayi da tsire sun gama da shi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: gonar da ubansa ya bar masa, mai gawo goma sha ɗaya, wadda ke ciyar da shi da matarsa Rahina da ƴaƴansu biyu. Ita ya sa a kasuwa.

Rahina ta yi kuka har idonta ya kumbura. "Baban Zahra'u, in ka saida gonag ga, mi za mu ci?"

"Burodi," in ji shi. "Matan birni burodi su kan ci."

Yayansa Mamudu, mutum mai sanyin magana, ya kira shi gefe ya yi masa faɗa har bakinsa ya bushe. Da ya ga ba ci, sai ya ce, "To in ka nace, sayen gida ba sayen goro ba ne. Ka nemi wanda ya san garin shi riƙe maka hannu. Ka zauna da maƙwabta ka ji labarin kowane bango, ka gaida mai unguwa, ka kai shaidunka, ni da kaina sai in tahi. Kuma a faɗi gaban kowa abin da ka saya da abin da ba ka saya ba, tun daga ƙyaure har azara."

Rabilu ya sauke tabarau zuwa karan hanci ya dube shi. "Yaya Mamudu, iyakarka kasuwar Mayahi, kai za ka koya mini sayen gida? Wanga duk tsarin ƙauye ne. Yanzu zamanin papiye muke, takarda ɗaya ta fi dattijo ɗari."

Haruna, maƙwabcinsu na gona, shi ya sayi gonar, kuma shi tsarin ƙauyen ya bi daki-daki. Ya kira mai gari, ya kira liman, aka zagaye iyaka ana taka kowane tushen gamba, aka yi shaida, aka shafa fatiha. An ɗaure cinikin nan ɗaurin da ko haƙori ba ya kwance shi. Rabilu ya cusa kuɗin a ɗan tofi, ya hau motar kasuwa, sai Tasawa.

Yana sauka a tasha wani dillali mai suna Mai Nasara ya shinshino shi. Ya zagaya da shi gida uku, a na huɗu Rabilu ya ji ƙafarsa ta kafe. Zaure ne mai rufin azara da ƙofar ƙarfe shuɗiya, ciki ɗaki biyu da kwano sabo fil, ga famfo a tsakar gida, ga dogon yaro ya baza inuwa. Mai Nasara ya ce gidan Alhaji Lamine ne mai sayar da hatsi, wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, ke haya a ciki. Rabilu ya taɓe baki ya ce gidan ya yi masa ƙanƙanta, zai je ya yi shawara. Dillali na shan kwana Rabilu ya yi dariya shi kaɗai, wai ya tsira da kuɗin la'ada. Kaico, wayon ɗan ƙauye a birni!

A ƙofar gidan da ke manne da wannan, wata tsohuwa ce zaune tana tuyar ƙosai, sunanta Jummai. Ta ga baƙo yana auna bango da taku, ta yafuto shi.

"Ɗan nan, in gidan ga kake so, zo ka zauna in ba ka labarinshi."

"Iya, ban zo sayen ƙosai ba."

"To Allah shi ba da sa'a," in ji ta, ta ci gaba da juya ƙosanta.

Ya iske Alhaji Lamine a rumfarsa, tsakanin buhunan gero da wake. Alhaji ya faɗi kuɗin gida, Rabilu ya raba biyu ya taya. Alhaji ya ce albarka. Rabilu ya ce a Tamanrasat irin gidan nan awaki ake ɗaurewa a ciki. Alhaji ya ce albarka. Aka yi ta ja har rana ta take, Rabilu bai ƙara ko dala ba, don ba shi da ita. Can dai Alhaji ya gaji, ya gyara zama ya ce, "Malam, abin da ka taya kuɗɗin ƙasa ne. In ƙasar kake so ba rufi, na sallama maka."

Duk wanda ya girma a unguwar nan ya san maganar. Gidan ƙasa iri biyu ake sayar da shi: ko da rufinsa, ko kuwa mai gida ya ɗebe kwanonsa da azararsa da ƙyamarensa ya kai inda zai yi sabon gini. Ko yaro aka aika sayen gida abin da zai fara tambaya ke nan. Shi kuwa Rabilu a ransa cewa ya yi tsohon nan ya rufta. Ai wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki abin da ke kanta, gini dai ba ƙafa gare shi ba balle ya tashi ya bi Alhaji.

"Na saya!" ya ce, har yana buga ƙirji.

"Ka ji abin da na ce dai? Ƙasa."

"Alhaji, kunnena biyu."

"To kira shaidunka, mu je wurin mai unguwa."

"A'a, kada mu tara ƴan cin goro. Papiye kawai."

Alhaji ya ce shi ko akuya ba ya sayarwa ba shaida, ya ɗago dattawa biyu daga tabarmar rumfarsa. Rabilu ya tafi daga shi sai tabarau. Suka sami mai rubuta takardu a gindin bishiya da teburinsa da bik ɗinsa na rubutu. Mutumin ya ɗago kai ya ce, "Gida za a rubuta ko fili?"

A nan Rabilu ya fito da babbar dabararsa. Wani ya taɓa gaya masa a teburin mai shayi wai in takarda ta ce gida, masu haraji kan zo su ƙirga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya ya rage murya ya ce, "Rubuta fili. Fili fetal, ba gini."

"Fili fetal?"

"Wala!" in ji shi da Faransancinsa, wato haka nan.

Da aka gama, mai rubutu ya ce bari ya karanta ya mayar da Hausa kowa ya ji. Rabilu ya ɗaga hannu ya ce a bar wahalar da kai, shi da Faransanci tare suka kwana suka tashi. Ya karɓi bik ya yi wani sa hannu mai jela har ya huda takardar. Aka kai ofis aka buga hatimi, aka ba shi tasa. Alhaji ya nemi kwana bakwai ya kwashe kayansa.

"Bakwai? Na ba ka goma," in ji Rabilu. "Duk abin da ka san naka ne ka kwashe, ko allura kada ka bar mini. Ba na son tarkace."

Dattawan nan biyu suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Mun shaida."

Kwana goman da Rabilu ya yi a Attantane, mutanen gari sun ji jiki. Ɗaki biyu ya zama huɗu, kafin Juma'a ya zama shida, famfon kuwa har ruwan sanyi yake zubarwa. Kuma don a san ba dawowa, ya yi rabon gado da ransa. Jinkar ɗakinsa ya ba wanzami, rumbu ya ba liman, dangar kara ya ce mata su zo su kwasa su hura wuta. Rahina ta rungume turminta ta ce sai dai a kashe ta, shi kaɗai ya tsira.

Ranar tashi ya ci bashi ya yi shatar babbar mota, ya ɗauko maroƙi da kalangu, ya ce duk mai son ganin yadda ake zaman duniya ya hau kyauta. Rabin gari ya hau, har da masu zuwa don su ga ƙarya ta ƙare. Mamudu ma ya hau, ya zauna a kan turmin. Gabas kuwa tun hantsi ta fara haɗa baƙi.

Suna shiga Tasawa suka yi karo da amalanke biyu, ɗaya shaƙe da kwano da azara, ɗaya ɗauke da ƙofar ƙarfe shuɗiya. Rahina ta ce, "Kai, wagga ƙofa da kyau take."

"Wannan?" in ji Rabilu. "Jira ki ga tamu."

Mota ta tsaya, maroƙi ya diro yana wasa Rabilu, "Na Rahina mai gidan kwano! Ka bar kara ga ƴan kara!" Sai muryarsa ta yi ƙasa, kalangu ya yi shiru. Zaure ya wangame baki ba ƙofa, in ka ɗaga kai sai sama. Ɗakunan nan biyu tsirara, rana ta cika su fal. A kan bango wani ƙato ne zaune yana zare azara ta ƙarshe, Alhaji Lamine na ƙasa yana ce masa ya bi a hankali kada ta tsage.

Wanzami ya leƙa ya ce, "Rabilu, ko ba nan ba ne?"

"Ɓarayi!" Rabilu ya kurma ihu. "Jama'a ɓarayi da rana tsaka! Alhaji, ina rufina?"

"Rufinka? Sannu da zuwa dai tukuna. Yau kwana goma cif, ka ga ban ƙara ko yini ba."

Ana cikin haka wani siririn mutum ya fito daga ɗaki rungume da taga, igiyar lantarki naɗe a wuyansa. Rabilu ya cafke shi. Mutumin ya ce shi ne Mushe Isma'ila, malamin da ke haya, tagogin nan shi ya sa da kuɗinsa, wutar kuma daga gidan abokinsa ya jawo ta, yanzu zai mayar.

"To famfon fa? Ina famfon?"

"Nawa ne, ɗan nan," in ji wata murya daga kan katanga. Jummai mai ƙosai ce ta leƙo. "Daga gidana aka ja shi saboda Mushe yana karantar da jikokina. Mushe ya tashi, na toshe. Bangon gabas ɗin da kake jingine da shi ma nawa ne, marigayi mijina ya gina, kada ka kafa mini ko ƙusa. Dogon yaron kuma tushenshi na cikin gidana, inuwar ce kawai ke leƙo muku."

"Mi ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Ka ce ba ƙosai ka zo saye ba."

Unguwa ta fashe da dariya, mutanen Attantane suka taya su. Mata sun cika kan katangu, masu kabu-kabu sun kashe babura sun tsaya kallo. Sai ga Mai Nasara dillali ya ratso taro yana tafa hannu.

"A'a, mai shawara! Ashe an gama shawarar? Da ka bar ni na ci ƴar la'adata, da tambayar farko da zan yi ita ce da rufi ko ba rufi. Amma ba komi, ka yi riba, ka ga iska na shiga ta ko'ina."

Rabilu ya rantse sai an je gaban hukuma, sai ya ɗaure Alhaji da dillali da tsohuwar gaba ɗaya. Aka ce ga mai unguwa nan kusa, a fara da shi. Mai unguwa ya zo da sandarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a zauren da ba rufi. Ya dubi Rabilu sama da ƙasa ya ce, "Ban san fuskar ga ba. Ka taɓa zuwa ka gaishe ni?"

"Ranka shi daɗe, ina da papiye."

"Madalla. Ina shaidunka?"

"Papiye ce shaidata."

"To karanta mana ita."

Rabilu ya warware takarda, ya matso da ita, ya nesanta ta, ya yi gyaran murya sau uku. Daga nan ya ce rubutun mutumin nan ba irin na Tamanrasat ba ne. Mushe Isma'ila ya ajiye tagarsa ya karɓa, ya karanta da ƙarfi, ya mayar da Hausa: Alhaji Lamine ya sayar wa Rabilu fili, fili fetal, ba gini a kansa. Dattawan Alhaji suka ce ƙwarai haka aka yi, shi da bakinsa ya sa a rubuta, ya kuma ce ko allura kada a bar masa.

Mai unguwa ya naɗe takarda ya miƙa masa. "Ɗana, ba wanda ya cuce ka. Abin da ka saya shi aka ba ka."

Alhaji Lamine dai ba mugu ba ne. Ya ga Rahina tsaye da goyo, ga ƴar babbar ta riƙe mata zane, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Bisa takarda, bangayen ga ma nawa ne. Amma na bar maka su sadaka saboda iyalinka. Ka samo kara ka ɗora, ku fake kafin Allah shi hore."

Mamudu ya matso ya raɗa wa ƙanensa, "Ka ce na gode, ka rufe bakinka."

Ina! Kalmar sadaka a gaban rabin Attantane, ga maroƙi na ji? Rabilu ya ture hannun yayansa ya haye kan tulin ƙasa.

"Sadaka? Ni za a ba sadakar ƙasa? Alhaji, kwashe tsiyarka! Wanga ruɓaɓɓen bango ko kyauta ban so. Siminti zan zuba nan, bene hawa biyu, kowa shi shaida!"

"Ka tabbata?" in ji mai unguwa.

"Se fini! Magana ta ƙare!"

Alhaji ya ɗaga kafaɗa ya juya wurin jama'a ya ce shi ba ya da buƙata, duk mai so ya ɗiba. To ƙasar tsohon bango, a bakin damina, wane manomi ne bai san darajarta a gona ba? Kafin ka ce kwabo an fito da diga da shebur da kwanduna, masu jakai sun jero, amalanken da suka kai kwano sun dawo. Har mutanen Attantane, ƴan rakiyar arziki, suka juye buhunan guzuri suka shiga ɗura. Zaure ya faɗi rim, ƙura ta tashi. Rabilu ya bi wannan ya riƙe, ya bi wancan ya roƙa, yana cewa wasa yake yi, a bar masa ko ɗaki ɗaya. Wani mai jaki ya ce masa, "Matsa, maigida, muna share maka wurin bene." Kafin la'asar ba abin da ke tsaye sai bangon Jummai, tana zaune a kansa da sanda tana gadi.

Sai iska ta juyo da sanyi, aka ji ƙamshin ƙasa, ɗigo ya fara sauka manya-manya. Nan take mutanen Attantane suka manta da Rabilu da gidansa. Ruwan shuka ne! Kowa ya tuna irinsa da sungumi, aka ruga mota ana turereniya ana ce wa direba ya taka. Rahina ta miƙa wa Mamudu yaran, ta ɗora turminta, ta hau ta juya baya.

Rabilu na tsaye tsakiyar filinsa, ruwa na bin wuyansa, ya tura takardar cikin riga kada ta jiƙe. Mamudu ya sauko ya tsaya gabansa.

"Rahina da yara sai su zauna wurina. Kai kuma ka kwana a zaure."

"Yaya Mamudu, ai filin na nan. Fili a Tasawa ba wasa ba ne."

"Yana nan. Amma ba a tuƙa tuwo da shi. Haruna na neman ƴan ƙwadago gobe, gonarshi ta ƙaru, hannu bai ishe shi ba. In ka yi sammako ya ɗauke ka."

Rabilu ya buɗe baki, ya duba ko akwai sauran mai saurare, bai ga kowa ba sai tsohuwa a kan bango ta rufa da faifai. Ya hau mota.

Washegari da sassafe yana cikin layin masu shuka, ba takalmi, ƙwaryar iri a hannu, yana jefawa yana rufewa da diddige a gonar da aka haife shi ana nomanta. Ba wanda ya tsokane shi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Da suka kai tsakiya, Haruna ya tsayar da aiki ya kira shi da ƙarfi.

"Rabilu! Kai ka san gonag ga fiye da kowa. Ina ne mahaifinku ke cewa gero ya fi yi, in sa a matse shukar?"

Rabilu ya ɗaga hannu ya nuna masa gindin gawo na uku, ya sunkuya ya ci gaba da shuka.